Lanƙwashewar gaba: larurar da maza ke ɓoye wa hatta likitansu

A kasuwanninmu na iyaka, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Birnin Ƙwanni zuwa Illela, ba a rasa mai lasifika yana tallar maganin ƙarfin maza. Yakan lissafa basir da sanyin mara da saurin kawowa, jama'a na dariya suna saye. Amma akwai larura ɗaya da ko shi ba ya kiran sunanta, wato lanƙwashewar gaban namiji idan ya miƙe. Ta fi kama magidancin da ya ba shekara 40 ko 50 baya, sau da yawa kuma wanda dama yake fama da ciwon sukari ko hawan jini. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi maganar a fili, tare da neman afuwar mai karatu.

Likitoci na kiran ta cutar Peroni, sunan wani likitan tiyata na sarkin Faransa Luwi na 15, wanda ya yi bayaninta a shekarar 1743. Yadda take faruwa shi ne, akwai wata fata mai ƙarfi a can ciki da ta lulluɓe sassan da jini ke cikawa lokacin sha'awa. Idan ta sami ɗan rauni, galibi wajen saduwa, har mutum bai ma sani ba, a jikin wasu sai wurin ya warke da tabo mai tauri. Tabo kuwa ba ya miƙewa, don haka idan gaba ya tashi sai ya karkata ta ɓangaren da tabon yake, ya fi yin sama, wani lokaci gefe ko ƙasa. Wani yakan ji ƙullutun da hannunsa, wani ya ga tsawon ya ragu. Ba ciwon daji ba ne, ba ciwon sanyi ba ne, ba a ɗaukarsa, ba a kuma shafa wa iyali. Wannan magana ta ƙarshe muna so a riƙe ta da kyau, domin a wurinmu da zarar abu ya taɓa shimfiɗa sai zargi ya faɗa kan uwargida ko amarya, a ce an yi sammu.

Wani bincike da aka buga a 2001 kan maza 4,432 a yankin birnin Kolon na Jamus ya sami larurar a jikin kashi 3.2 cikin ɗari. A cikin masu ciwon sukari ta fi haka yawa. Sukari da hawan jini da yawan kitse a jini da shan taba duk suna lalata ƙananan jijiyoyin jini, miƙewar ta yi rauni, gaban da bai yi ƙarfi sosai ba kuwa ya fi saurin tanƙwarewa ya ji rauni. Ga shi kuma jikin mai sukari ba ya warkewa da kyau. Akwai ma waɗanda irin wannan tabo ke fito musu a tafin hannu, ya janye ƙaramin yatsa da na kusa da shi su kasa miƙewa.

Cutar na da zango biyu. A zangon farko, wanda kan kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, akwai zafi, lanƙwasar kuma tana canzawa. Daga nan zafin yakan tafi da kansa, ita kuwa lanƙwasar ta tsaya. A wani bincike na Amurka a 2006, kashi 12 cikin ɗari kaɗai suka ga ta ragu ba tare da magani ba, kusan rabi kuwa ƙaruwa ta yi. A nan ne masu tallar magani ke cin kasuwa: mutum ya sha tsimi wata shida, zafin da dama zai tafi ya tafi, sai ya ce magani ya yi aiki, ya kawo abokinsa.

Inda haɗarin yake shi ne wajen gamin magunguna. Yawancin shayi da zuma da garin ƙarin ƙarfi da ake tsallakowa da su iyaka ba a san abin da ke ciki ba, an kuma sha gano sinadarin sildenafil, na cikin Viagra, a ɓoye cikin irinsu. Wanda yake shan maganin ciwon ƙirji na zuciya, irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, idan ya haɗa su jininsa na iya faɗuwa nan take har a rasa shi. Haka nan diclofenac da ibuprofen suna rage zafin, amma mai hawan jini ko mai sukarin da ya fara taɓa ƙoda bai kamata ya mayar da su abincin kullum ba. Sai kuma wanda ya jefar da ƙwayoyin hawan jininsa don yana zargin su suka kashe masa gaba. Gaskiya ne wasu daga cikinsu na rage ƙarfi, amma akwai waɗanda ba sa yi, likita na iya canzawa. Dainawa gaba ɗaya hanyar shanyewar ɓarin jiki ce.

Maganin fa? Idan lanƙwasar kaɗan ce kuma ba ta hana saduwa, ba dole sai an taɓa ta ba. Bitamin E da aka daɗe ana bayarwa an gwada, bai fi ƙwayar banza ba. Akwai allurar Xiaflex mai narkar da tabon, wadda Amurka ta amince da ita a 2013, sai dai tsadarta ta wuce aljihun yawancinmu, a Turai ma an janye ta daga kasuwa a 2020. Abin da ya rage ga mai tsanani shi ne tiyata, ita ma ba a yin ta sai cutar ta kai shekara kuma lanƙwasar ta tsaya cak na wasu watanni. Hanyar da aka fi bi ita ce a tattare ɓangaren da ya fi tsawo da ɗinki, gaba ya miƙe amma ya ɗan gajarta. Gara mutum ya ji wannan tun kafin a shiga da shi. Likita kuma zai so ya ga sukari ya sauka tukuna, saboda gudun rauni ya ruɓe. Ke nan wanda ya yi watsi da maganin sukarinsa ya rufe wa kansa ƙofar aikin.

Kada a haɗa wannan da karayar gaba. Wanda ya ji ƙas ana cikin saduwa, gaba ya kwanta ya kumbura ya yi baƙi, wannan asibiti zai nufa a daren, ba wajen mai ɗori ba.

Likitan mafitsara da al'aurar maza shi ne mai wannan aiki, akwai su a babban asibitin Damagaram da na Lamorde a Yamai, da asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano. Ɗan kasuwar da zai je ya tafi da kwalayen duk abin da yake sha, har da na mai lasifika. Likita na iya neman hoton gaban a miƙe, daga sama da kuma gefe, don ya auna lanƙwasar. Da an gama nuna masa a goge, tun da wayar Alhaji a hannun yaran shago take wuni.