"A daina" kaɗai ba magani ba ne

Kwanan baya na raka kawuna asibiti, tari ya hana shi barci. Likita ya duba shi, ya ce, "Baba, a daina shan taba," ya sallame mu. Shekara 30 yana sha. Da umarni na raba mutum da nikotin, da tuni ya rabu.

Tun 2015 Najeriya ke da dokar taƙaita shan taba, amma doka ba ta jinya. A ganina, kowane babban asibiti ya ware ma'aikacin da zai zauna da mashayi, ya ba shi shawara da maganin rage jarabar, ya sa masa ranar dawowa. Wanda tramadol ko kodin ya kama, shi ma majinyaci ne. A fara da magani, faɗa ya biyo baya.