Sojan Sama: Yaya Tsarinsu Yake, Me Suke Yi Mana?



Duk wanda ya tashi a Balan ya san yadda yara ke ɗaga kai idan jirgi ya gifta. To yau hirarmu kan sojan sama ce.

An kafa rundunar a 1964, da taimakon Jamus ta Yamma. Hedikwatarta tana Abuja, amma aiki a rabe yake: jiragen yaƙi Makurɗi, horar da matuƙa Kaduna, kayan aiki Legas, ayyuka na musamman kuma Bauchi. Mu ma nan Kano akwai makarantarsu ta koyon tuƙin jirgi.

Aikinsu fa? Tsaron sararin samaniya, leƙen asiri, jigilar sojoji, da dafa wa sojan ƙasa wajen yaƙar Boko Haram da 'yan bindiga. Dalilin sayo jiragen Super Tucano 12 daga Amurka ke nan, waɗanda suka iso a 2021.

Sai dai kuskure daga sama rai yake ci. A Janairun 2017 jirgin rundunar ya jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann, jihar Borno, mutane da dama suka rasu. Don haka haƙƙinmu ne mu tambaya: wa ya kawo bayanan? An biya diyya?

Masu sha'awar shiga, ba matuƙa kaɗai ake ɗauka ba. Akwai injiniyoyi, likitoci da makanikai. Neman shiga kyauta ne. Duk wanda ya ce kawo kuɗi ya sama maka gurbi, ɗan damfara ne wallahi.

Sai mun ji ra'ayoyinku. Mu kwana lafiya.