Kada Mu Kai Wa Kasuwa Abincin Yaranmu Duka

'Yan'uwa, kaka ta shigo. Daga Gwadangaji har Argungu an yanke gero, wake ya bushe a gona, shinkafar fadama tana kan hanya, kabewa kuma ta cika bayan danga. Yanzu ne abinci ya fi yawa, ya fi araha. Yanzu ne kuma muke ganin gidaje suna kwashe wake da gyaɗa zuwa kasuwa, a bar wa yara tuwo da miyar gishiri da dunƙule. Mun san akwai kuɗin makaranta da bashin taki. Amma yaron da ya shiga bazara a rame, shi damina ke kayarwa. A 2022 sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a Maiyama, a jihar da aka san ta da noman shinkafa.

Tuwo yana ba da ƙarfin aiki, amma shi kaɗai ba ya gina jiki. Abin da gero da shinkafa suka rasa, wake yana da shi, shi ya sa shinkafa da wake suka fi shinkafa zalla amfani nesa ba kusa ba.

Mu dubi kabewa, wadda wasu ke raina ta. Jan launin cikinta alama ce ta sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Rashinsa ne ke kawo dundumi, wato yaro ya kasa gani da almuru, kuma ƙyanda da gudawa sun fi kayar da yaron da ba shi da shi. Sai dai jiki ba ya ɗaukar wannan sinadari sosai in babu mai a cikin abincin. Iyayenmu da suka haɗa miyar taushe ba su san sunan bitamin ba, amma sun haɗa ta daidai: kabewa, markaɗaɗɗiyar gyaɗa, daddawa, sannan ganye. A dafa kabewa ta yi laushi, a dama ta, a zuba gyaɗa. Yakuwa da alayyahu su shiga daga ƙarshe, a rufe tukunya ɗan lokaci a sauke. Ganyen da ya daɗe a wuta ya zubar da amfaninsa mai yawa. Kanwa ma tana lalata wasu bitamin. In don wake ya nuna da wuri ne, a jiƙa shi tun dare, itace ma zai yi auki.

Yaro ya sha nono zalla har wata 6. Daga nan a ƙara masa kunu, amma mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, domin cikinsa ƙarami ne, ruwa-ruwa cika shi kawai yake yi. A sa garin gyaɗa ko dafaffiyar kabewa. Mu da ke bakin gulbi muna da abin da wasu ba su da shi: ƙananan busassun kifi. A daka su har da ƙaya, a tankaɗe, a riƙa zuba cokali guda a kununsa. Mai juna biyu kuwa ta ci wake da zogale, ta haɗa da lemu ko gwaba, ta jinkirta shayi, gama shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini.

Sai ajiya. Zogale da kuka da yakuwa a shanya su a inuwa, ba a tsakar rana ba. Kabewa a yanka ta sirara a busar. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita: dafinta yana cin hanta, wuta kuma ba ta kashe shi. A Kenya a 2004 irin wannan dafi a masara ya kashe mutum 125. Wake kuma ba sai an barbaɗa masa maganin ƙwari ba. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana toshe iska har ƙwarin su mutu, muddin waken ya bushe sarai, aka ɗaure kowace leda dabam, aka jingine buhun inda ɓera ba zai huda shi ba.