Ma'aikacin Walwalar Asibiti: Aikin da Yaranmu Ba Su San da Shi Ba

Ka tambayi ɗaliban sakandare a Dandin Mahe ko Boɗinga wane aiki suke buri a asibiti, amsar ba za ta wuce uku ba: likita, nas, ko mai haɗa magani. Da wuya ka ji wanda ya ambaci ma'aikacin walwalar marasa lafiya, don galibinsu ba su ma san akwai shi ba. Alhali kuwa manyan asibitocin gwamnati suna da sashe guda da aka ware masa, kuma fanni ne da ake karantawa a jami'a har zuwa digirin digirgir.

A ɗauki misalin yarinyar da ta yi doguwar naƙuda a ƙauye, aka rasa jaririn, ita kuma ta kamu da yoyon fitsari. Mahaifinta ya sayar da tunkiya ya kawo ta Sakkwato, Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, inda ake gyaran wannan lalura. Likita ya yi tiyata, ya gama nasa. Amma an sharɗanta mata watanni ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba kwanciyar aure, kuma haihuwa ta gaba sai a asibiti. Wa zai zauna da mijin ya fahimtar da shi? In ma mijin ya riga ya tura ta gida, wa zai binciki inda za ta koma da abin da za ta ci? A nan ma'aikaciyar walwala take shigowa. Za ta ja kujera kusa da dattijon ta ce, "Baba, in an sallame ku, gidan wa za ta sauka? Wa ke ɗebo mata ruwa?" Tambayoyi ne masu kama da hira, amma daga amsarsu ake gane ko ɗinkin zai riƙe, ko kuwa za a dawo da ita bayan wata biyu.

Haka abin yake a Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF take tallafa wa tun 2014. Cutar noma mai cin fuskar yara 'yar talauci ce da tamowa da rashin rigakafi. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Yaron da aka gyara wa fuska zai koma gidan da yunwar ta same shi tun farko, da unguwar da yara ke gudunsa. Maganin wannan ba ya cikin kwalba.

Sai batun kuɗi, wanda shi ya fi cika ofishin. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita. Ma'aikacin walwala shi ke tantance wanda da gaske ba shi da hali, ya rubuta wa hukumar asibiti a rage masa ko a yafe, ya nemo masa tallafi daga Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ko wajen masu hannu da shuni. Shi ke neman dangin wanda aka tsinto a hatsarin mota ba suna ba adireshi, da na mai taɓin hankalin da aka kai asibitin Kware 'yan uwa suka ɗauke ƙafa. Wannan ne ya sa mutane suke ɗaukarsa a matsayin mai rabon sadaka, kuma a ganina wannan fahimta ta cuci aikin. Tausayi kowa yana da shi. Abin da ake koyo shi ne yadda za ka tambayi mutum halin gidansa ba ka tozarta shi ba, yadda za ka riƙe sirrin mai cutar ƙanjamau ko da uwar mijinta ta tsare ka da tambaya, da yadda za ka rubuta rahoton da likita zai iya aiki da shi.

Aikin ba sabo ba ne. A 1895 asibitin Royal Free da ke Landan ya ɗauki Mary Stewart don ta riƙa duba halin marasa lafiya masu neman magani kyauta. A 1905 Dakta Richard Cabot ya shigo da irin wannan aiki babban asibitin Massachusetts a Amurka, bayan ya lura cewa talakawa suna dawowa da cutar da aka yi musu magani, sannan Ida Cannon ta shafe shekaru tana gina shi. A Najeriya, ma'aikatan suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, AMSWON, kuma a 2022 aka kafa dokar majalisar da za ta riƙa kula da rajista da ƙa'idojin wannan sana'a.

Hanyar shiga kuwa ita ce JAMB, sai digiri na shekara huɗu a fannin aikin walwalar jama'a, wanda dole ya haɗa da zuwa horo a asibiti ko gidan marayu ko kotun yara. Jami'o'in Nsukka da Ibadan da Benin suna cikin waɗanda suka daɗe suna koyar da shi. Wanda ya karanta ilimin zamantakewa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana iya ɗorawa da digiri na biyu a wannan fanni. Kada a yi wa kowa romon baka: albashin na ma'aikacin gwamnati ne, kuma akwai ranar da za ka tashi aiki da buƙatu goma ba ka biya ko ɗaya ba.

Mai son koyarwa a jami'a sai ya haɗa da digiri na biyu da na uku, da bincike, da wallafa. Shawarata dai kada ya yi gaggawar hawa allo. Malamin da bai taɓa tsayawa gaban mai jinyar da kuɗin ledar jini ya gagara ba, abin da zai karanta wa ɗalibai littafin da aka rubuta don Landan ne, inda ba kishiya, ba kunyar ɗan fari, ba matar da sai da izinin miji za ta fita. Wanda ya yi shekaru a ɗakin marasa lafiya shi ne zai iya koyar da yadda ake shigar da liman ko hakimi cikin sasanci, kuma shi zai rubuta littafin da ɗalibanmu suke buƙata.

Mata ne aka fi nema a nan, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma akwai maganar da mai jego ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. Iyayen Dandin Mahe da Shagari da Boɗinga, in 'yarku ba ta samu gurbin likitanci ba, kada ku ce karatun asibiti ya ƙare mata. Ku sa ta duba wannan fanni kafin ta cike fom ɗin JAMB na gaba.