Bayani a Kan Horon Hankali da Kwamfuta Domin Masu Shan Ƙwaya

Ga wata mas'ala da likitocin ƙasashen waje suka daɗe suna bincike a kanta. Shin mutumin da ƙwaya ta dakushe wa hankali, ana iya wasa hankalin nan da na'ura kamar yadda ake wasa wuƙa, har ya koma ya mallaki kansa?

Da fari sai a san ƙwayar da ake nufi. Kayan maye akwai masu kwantar da jiki, akwai masu zaburar da shi. Masu zaburarwa su ne hodar iblis, da amfetamin, da 'yar'uwarta metamfetamin wadda ake kira ais. Suna korar barci da yunwa da gajiya, shi ya sa direban doguwar hanya da ɗan dako kan faɗa musu. Goro ma yana korar barci, amma tsakaninsa da su kamar tsakanin fitila ne da gobara. Kada kuwa a ce abin na nesa ne. A shekarar 2011 hukumar NDLEA ta gano wurin dafa metamfetamin a Legas, kuma ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2018 ta kimanta masu shan amfetamin da danginta 238,000, masu hodar iblis 92,000.

Ga yadda ɓarnar take. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, dofamin, wanda ke sa mutum ya yi marmarin abu ya bi shi. Waɗannan ƙwayoyi suna sa shi ya yi ambaliya. In aka daɗe a haka, sai sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi ya raunana, alhali kuwa shi ne linzami: da shi ake riƙe zance a zuci, da shi ake auna gobe, da shi ake cewa a'a. Wahalar kuma ita ce, mai shan hiroyin yana da maganin asibiti kamar metadon, amma hodar iblis da ais har yanzu hukumar magunguna ta Amurka ba ta tabbatar musu da magani ko ɗaya ba. Wannan rashi ne ya sa masana suka waiwayi kwamfuta.

Horon kuwa ga siffarsa. Majinyaci ya zauna gaban na'ura, ta karanto masa lambobi ya maimaita. Sa'an nan ta ce ya maimaita su daga ƙarshe zuwa farko, sa'an nan ta kawo kalmomi. In ya ci, ta ƙara tsawo. In ya kāsa, ta rage. Haka za a yi ta yi har makonni.

A shekarar 2011 wani shaihun malami a Amurka, Warren Bickel, da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 27 masu jiyyar irin wannan ƙwaya. Suka raba su biyu. Kashi ɗaya aka yi musu horon gaske, ɗayan kuwa na'ura na nuna musu amsa, ba su sha wahalar tunawa ba. Ma'aunin da aka gwada su da shi, kowane falke ya san shi: a ba ka kuɗi kaɗan yau a hannu, ko a ba ka mai yawa in ka jira? An riga an sani mai shan ƙwaya yakan karya farashin gobe ƙwarai, ya zaɓi na yau ko da ya faɗi. To, waɗanda aka hora sai aka ga sun ƙara iya jira, sauran kuwa ba su sāke ba.

Labarin ya yi daɗi, amma fa sai a lura da abu biyu. Mutum 27 ba yawa ba ne. Kuma abin da aka auna haƙuri ne a kan zaɓin kuɗi, ba barin ƙwaya ba. A 2013 Monica Melby-Lervåg da Charles Hulme suka tattara gwaje-gwaje 23 na horon tunawa a kan yara da manya, suka tarar mutum yakan ƙware a kan abin da aka hora shi, amma ƙwarewar ba ta cika tsallakawa zuwa sauran al'amura ba. A 2018 kuma aka buga wani gwaji daga Holan a kan masu jiyyar giya da wiwi da hodar iblis, aka sami haka nan: sun gwanance a aikin na'ura, amma sha'awar maye ba ta ragu fiye da ta waɗanda ba a yi wa horon gaske ba. Wato wanda ya haddace lissafin awo bai zama attajiri ba tukuna.

Inda kwamfuta ta fi nuna amfani shi ne inda aka sa ta koyar da abin da ya shafi shan kansa. A jami'ar Yale, Kathleen Carroll ta shirya darussa a na'ura masu koya wa mutum gane abin da ke tayar masa da sha'awa, da yadda zai ƙi tayin aboki. A gwajin da aka buga a 2014, na mutum 101 masu hodar iblis, kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka bi darussan sun yi mako uku a jere ba su taɓa ba, sauran kuwa kashi 17. Amma dukansu suna cikin jiyyar asibiti ne, na'urar ƙari ce a kai.

Abin da ya fi duka ƙarfin hujja kuwa ba na'ura ba ne. Tun 1991 Stephen Higgins a jihar Vermont ya nuna cewa in ana gwada fitsarin majinyaci a kai a kai, duk ran da aka same shi da tsabta a ba shi tukuici nan take, tukuicin yana ƙaruwa in ya dore, da yawa sukan daure. Hikimar a fili take: tun da gobe ta yi masa nisa, sai a jawo ribar haƙuri a kawo masa ita yau. A 2023 jihar Kalifoniya ta fara biyan wannan hanya daga asusun lafiyar talakawa.

Saboda haka uban da ɗansa ya faɗa wannan rami, ko maigidan da yaron shagonsa ya faɗa, in wani ya zo masa da manhajar waya ya ce ita kaɗai za ta warkar, to, ya riƙe kuɗinsa. Ya kai yaron asibitin masu taɓin hankali ko wurin jiyya mai likita, ya raba shi da abokan sha, ya kuma yaba masa a kan kowace rana da ya tsallake, kada ya jira sai shekara ta cika. In likita ya haɗa da horon na'ura, madalla, ba ya cutarwa, watakila ma ya taimaka wa yaron ya riƙe abin da ake koya masa. Dutsen washi yana gyara kaifi, amma ba shi ke yanka ba.