Daga Marina Zuwa Kwamfuta: Zaman Mai Aikin Nesa a Birnin Kano

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata hanyar neman abinci wadda ta yaɗu tun daga annobar korona ta 2020. Watau mutum yana zaune a garinsu, mai ba shi aiki kuwa yana wata ƙasa, intanet ce kaɗai ke haɗa su. Irin wannan ma'aikaci kan nemi garin da rayuwa ke da sauƙi, don kuɗinsa su yi auki. Tambayar ita ce, shin Kano ta dace da shi? Za a nemi amsa a unguwannin masana'antu uku, watau Bompai da Sharaɗa da Challawa, domin abin da ya same su madubi ne.

Asalin Al'amarin

Yi wa na nesa aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Ko da yake birnin ba cikin hamada yake ba, shi ne babban zangon ayarin da ke ƙetare Sahara. Marinin Kura da ke rina turkuɗi bai taɓa ganin Buzun da zai naɗa shi a Agadas ba. Fatake ne ke tsakaninsu. Baturen Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano cikin 1851, ya tarar ana kai tufafin Kano har Tambutu.

Bayan isowar jirgin ƙasa cikin 1911, sai ciniki ya juya kudu, gyaɗa da fatu suka nufi bakin teku. Daga nan aka kafa masana'antu a Bompai tun zamanin Turawa, Sharaɗa da Challawa kuwa suka bunƙasa a zamanin arzikin man fetur. Masaƙu da majemu da matatsun mai da kamfanonin robobi suka ɗebi dubban leburori, unguwanni irin su Dakata da Ja'en da Panshekara suka cika da masu haya.

Amma daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tada komaɗar tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Daɗin daɗawa, ga ƙarancin wutar lantarki, ga atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari. Masaƙu da dama suka rufe, wasu aka mai da su ma'ajiyar kaya.

Lissafin Mai Aikin Nesa

A waɗannan unguwanni ne yau ake samun matashin da ke fassara, ko zane, ko tsara manhajar kwamfuta, ana biyansa daga Legas ko Ingila. Ta fuskar abinci da muhalli, ko shakka babu Kano ta fi Legas da Abuja sauƙi. Hatsi na Dawanau, kayan miya na 'Yankaba, wanda kuma ya sayi geronsa da wakensa da kaka ya huta da tsadar bazara. Kuɗin haya ne ke son tanadi, da yake na shekara ake biya gaba ɗaya.

Sai dai Hausawa sun ce araha ba ta ado. Abin da ya durƙusar da masaƙa shi ne ke jiran mai kwamfuta, watau wuta. Tun 2013 aka danƙa rarraba wutar Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. Cikin Afirilun 2024 aka ƙara wa masu rukunin A kuɗi zuwa naira 225 kowane awo, bisa alkawarin wutar awa 20 a yini. Cikin Oktoban wannan shekara kuwa, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. Mai aikin nesa ba ya da uzuri a irin wannan hali, gama wanda ya ba shi aiki bai san da zancen ba, wa'adi kawai ya sani.

Janareta ma ba mafita ba ce, domin bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Saboda haka jarinsa na farko, bayan kwamfuta, shi ne farantin hasken rana da batir. Rana kam Kano na da ita, sai dai ƙurar hunturu kan rufe farantin, sai an riƙa sharewa, zafin Afirilu kuma, wanda kan wuce awo 40, yana gajiyar da batir da mai shi. Kazalika, mai hankali kan riƙe layin waya biyu, in ɗaya ya ƙi ya koma ɗaya.

Akwai kuma batun kuɗin da ake biyansa da su. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta wuce 1,500. Wanda ake biya da dala ya ci ribar wannan faɗuwa. Wanda ake biya da naira kuwa, bambancinsa da leburan Sharaɗa kaɗan ne, alhali mafi ƙarancin albashin da aka tsayar cikin 2024 naira 70,000 ne a wata.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa Kano na iya riƙe mai aikin nesa, muddin ya tanadi wutarsa kafin ya karɓi aiki. Amma kada a ɗauka wannan sana'a ta maye gurbin masana'antu. Masaƙa guda takan ɗauki ɗaruruwan mutanen da ba su yi zurfi a boko ba, ta kuma rayar da mai tuwo da mai shayi a ƙofarta. Kwamfuta guda kuwa gida guda take ciyarwa, shi ma sai in akwai ilmi da Turanci. Bugu da ƙari, arahar da mai dala ke jin daɗinta, ƙarancin ladan maƙwabcinsa ne ya haifar da ita. Bukatar su biyun ɗaya ce, watau tsayayyar wuta. Ranar da ta samu a Challawa, injin saƙa da kwamfuta za su tashi tare.