Hawan Jinin Ido: Yadda Manomi Zai Tsare Ganin da Ya Rage Masa

'Yan'uwa manoma, kowannenmu ya san yadda zaizaya take cin gona. Ba ta farawa daga tsakiya. Daga gefe take somawa, bana taku ɗaya, baɗi taku biyu, mai gona bai kula ba sai ran da ya ga kwazazzabo ya iso gindin dawarsa. Akwai wani ciwon ido mai irin wannan hali. Likitoci suna kiransa gilakoma, mutane da yawa kuma suna ce masa hawan jinin ido. Wanda ya kamu da shi zai zauna da shi muddin ransa. Amma in ya san yadda zai bi da shi, yana iya tsufa da ganinsa.

Menene wannan ciwo?

A cikin ido akwai wani ruwa garau wanda ido yake yi dare da rana domin ciyar da sashensa na gaba. Ba hawaye ba ne, ba kuma jini ba ne. Yana fita ta wata 'yar magudana da take kewaye da baƙin ido. In magudanar ta soma toshewa, ruwan yakan taru, ido ya yi tauri kamar tayar keke da aka cika wa iska. Wannan matsi yana danne jijiyar gani, watau wadda take kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyar tana da zaruruwa wajen miliyan ɗaya, kuma duk wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa.

A asibiti ana auna matsin da wata na'ura. Ga yawancin masu lafiya awon yana tsakanin 10 da 21. Amma akwai waɗanda jijiyarsu take lalacewa ko da awon bai wuce haka ba, shi ya sa likita yakan leƙa cikin ido ya duba jijiyar kanta.

Kada sunan ya ruɗe mu. Mutum yana iya kasancewa jininsa bai hau ba, amma yana da wannan ciwo. Kada kuma mu haɗa shi da yanar ido. Yana ana cire ta, gani ya komo. Abin da gilakoma ya cinye kuwa ya tafi ke nan.

Su wa yake kamawa?

Daga 2005 zuwa 2007 an yi babban bincike a kan makanta a duk faɗin Nijeriya. An tarar cewa cikin mutane 100 masu shekara 40 zuwa sama, wajen 5 suna da gilakoma. Cikin masu ciwon, fiye da 9 cikin 10 ba su san suna da shi ba, kuma wajen 1 cikin 5 ya riga ya makance. Bayan yanar ido, shi ne na biyu wajen jawo makanta a ƙasar.

Ciwon yakan kama baƙar fata da wuri, ya kuma fi yi mana tsanani. Yana bin jini: in uba, ko uwa, ko wa, ko ƙane yana da shi, hatsarin ya ƙaru ƙwarai.

Irin da ya fi yawa a wurinmu ba ya ciwo, ba ya sa ido ja. Ganin gefe yake fara ci. Mutum zai riƙa karo da bakin ƙofa, ko babur ya fito masa ta gefe bai gani ba, ko ya riƙa tuntuɓe da kunya in rana ta faɗi. Sau da yawa ido ɗaya yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, har ɓarna ta yi nisa. Akwai kuma wani iri mai zuwa farat ɗaya: ido ya yi ja, ya yi zafi ƙwarai, gani ya dushe, kai ya yi ciwo, har da amai. Wannan ba ya jiran ranar kasuwa. A kai mutum asibiti a ranar.

Hanyoyin jiyya guda uku

Dukansu aikinsu ɗaya ne: rage matsin ido domin a tsare abin da ya rage. Manomi in ya jera duwatsu a bakin zaizaya, ƙasar da ruwa ya kwashe ba ta dawowa, amma sauran gona ta tsira.

Ta farko ita ce maganin ɗigawa. Akwai timolol, wanda yawanci ake ɗigawa safe da yamma. Yana rage ruwan da ido yake yi. Mai asma, ko wanda zuciyarsa take bugawa a hankali, tilas ya gaya wa likita kafin a ba shi, gama yana iya tsananta waɗannan. Akwai kuma latanoprost, sau ɗaya da dare. Yana taimaka wa ruwan ya fita. Yana iya sa ido ya ɗan yi ja, gashin ido ya ƙara tsawo.

Ta biyu ita ce hasken lesa. Ana haska magudanar da shi cikin 'yan mintoci, ba yanka, mutum ya koma gida ran nan. Wani gwaji da aka yi a Tanzaniya, aka buga sakamakonsa a 2021, ya nuna cewa bayan shekara ɗaya lesa ya fi timolol riƙe matsin ido. Amma ƙarfinsa yana iya raguwa da shekaru, sai a sake.

Ta uku ita ce tiyata, inda likita yake buɗe wa ruwan sabuwar hanya. Mutane da yawa suna gudunta domin sun ji an yi wa wani, bai kuwa gani ba. Sau da yawa wannan mutum ya zo ne bayan jijiyar ta kusa ƙarewa. Tiyatar gilakoma ba ta ƙara gani, tsare shi take yi. Ga wanda yake nesa da kantin magani, ko ba zai iya saye kowane wata ba, wani lokaci ita ce ta fi. Bayan an yi, sai a huta da ɗaukar kaya, da sunkuyo, da shiga ƙura har likita ya ba da izini, a kuma koma duk ranar da aka sa.

Yadda ake ɗiga magani

1. Ka wanke hannunka da sabulu.
2. Ka ɗaga kai, ka ja fatar ido ta ƙasa da yatsa.
3. Ka sa ɗigo ɗaya tak. Ido ba ya ɗaukar fiye da haka. Na biyu hasara ne. Kada bakin kwalba ya taɓa ido.
4. Ka rufe ido, ka danna kusurwarsa ta wajen hanci minti biyu, domin kada maganin ya gangara maƙogwaro.
5. In magani iri biyu ne, ka jira minti biyar tsakaninsu.

In hannunka yana rawa, ka kwanta wani ya ɗiga maka. Ka ɗaure lokacin magani da abin da kake yi kullum, kamar fita gona da shigar da awaki. Kada ka bar kwalba a rana ko a aljihu kana noma. Ka sa ta cikin gwangwani mai murfi a gindin randa. Wasu irin suna son firiji kafin a buɗe su. Ka tambayi mai ba da magani. Ka tambaye shi kuma kwana nawa kwalba take yi bayan an buɗe, gama yawanci mako huɗu ne.

Inda mutane suke faɗuwa

Babban kuskure shi ne dainawa. Wani yakan ce, "Na gama kwalba uku ban ga canji ba." Rashin canjin shi ne amfanin maganin: gani bai ƙara raguwa ba. Wani yakan ce ya warke, domin awo ya sauka. Maganin ne ya saukar da shi, in an daina zai sake hawa ba tare da mutum ya ji kome ba.

Kuskure na biyu shi ne sayen maganin ido a kemis ko a kasuwa ba da takardar likita ba. Masu ɗauke da dexamethasone ko betamethasone suna kwantar da ƙaiƙayi da ja, amma in an daɗe ana sa su suna iya hawar da matsin ido. Haka kuma ruwan ganye, ko toka, ko allurar masu yawo suna cire yana, ba abin da suke yi wa gilakoma sai ƙarin rauni.

Kuskure na uku shi ne ƙin komawa awo. Ba wanda zai iya jin matsin idonsa da kansa. Ka adana katinka cikin leda, ka riƙa zuwa da kwalabenka.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Kuɗin manomi da kaka yake zuwa, ciwon kuwa wata goma sha biyu yake aiki. Watannin da rumbu yake ƙasa, hanya ta lalace, aiki ya yi yawa, su ne watannin da ake daina magani. Saboda haka muna ba da shawara kamar haka.

Mai ciwon ya lasafta kuɗin magani da na mota na shekara, ya ware shi ran da ya sayar da amfanin gona, kamar yadda yake ware iri. Ƙungiya tana iya ajiye masa, ko ta buɗe ƙaramin asusu na rance domin wannan. Kafin damina ta kankama, a sayi na 'yan watanni, a duba ranar lalacewa a jikin kwali. Magatakarda ya rubuta ranakun komawa asibiti na waɗanda suka yarda, ya riƙa tuna musu. In mutum huɗu ko biyar suka haɗa tafiya, kuɗin mota zai yi sauƙi. Wanda aka yi wa tiyata, a yi masa gayya.

Da rani, a shirya duk mai shekara 40 zuwa sama, maza da mata, ya je a duba idonsa, musamman 'yan'uwan mai ciwon. Gwajin karanta allo kaɗai bai isa ba. A roƙa a auna matsi, a duba jijiya. Asibitin Ido na ECWA a Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da sashen ido na asibitocin koyarwa suna wannan aiki.

Wanda ganinsa ya riga ya ragu ƙwarai, kada a zaunar da shi a lungu. A share masa hanya, a daina canja wa kayan ɗaki wuri, a ƙara haske da dare. Yana iya kiwon kaji, da ɓarar gyaɗa, da tufka igiya, yana kuma da shawarar da zai bayar a taro. Shi ma ya ci gaba da magani, gama ko ɗan ganin da zai kai mutum bakin ƙofarsa ya isa a tsare.

A taronku na gaba, shugaba ya karanta wannan da ƙarfi, sa'an nan ya tambaya: su wa a cikinmu suka kai shekara 40 ba a taɓa auna idonsu ba? A rubuta sunayensu, a sa rana.